Ranar da Birkin Bashe Ya Bar Kuka

Yatsu biyu na hannuna na hagu ba su lanƙwashewa. In na dunƙule hannu sai su tsaya a miƙe, kamar ina nuna wa wani hanya. Yara kan tambaye ni, in ce musu birki ne ya cije ni. Su yi dariya. Ni kuwa ba ƙarya na yi musu ba sosai.

Shekarun farko na mulkin kai ne. Nasara na ta tattara kayansu, abin da ba su iya ɗauka sai su sayar. Haka kawuna, wan uwata, ya samu wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai ɗaki gaba da buɗaɗɗen baya. Shi dillalin dabbobi ne a kasuwar Tawa, amma a ƙauye ya tashi, bakin rijiya, cikin shanu. Bai iya tuƙi ba, bai kuma yi niyyar koya ba. Ni ne ɗan birni. Na yi 'yar lakwal, wato makarantar boko, na koyi tuƙi da kwance ƙarfe a gareji, na samu farmi, takardar izinin tuƙi. Sai ya miƙo mini makulli. Muna kwasar 'yan kasuwa da kayansu zuwa kasuwannin ƙauye, ni ina tuƙi, shi shina zaune kusa da ni, bulalarshi bisa cinya.

Kawu mutum ne mai saurin hannu. Kafin ya gama tambayarka ya riga ya mare ka. Duk gidan mun san haka, mun kuma san bai iya ɗaukar dariya.

To cikin sanyin shekarar nan sai birki ya fara kuka. Da farko ɗan ƙii ne, kamar ɓera. Kafin wani lokaci ya zama ihu. In na taka shi a tasha, har bayan kasuwa ana ji. Mata masu sayar da ƙosai su ce, "Ga mai guɗa nan ta iso!" 'Yan'uwanshi dillalai kuwa sun samu abin yi. Wani ya ce mishi gaban jama'a, "Ashe tsohuwar jaka Nasara ya bar maka? Ai gara ka ɗaure ta nan cikin kara da sauran dabbobi mu yi maka cinikinta." Kawu ya juya ya bar wurin. Da munka isa gida ya ce in ban kashe kukan nan ba shi zai kashe ni.

Na yi abin da anka koya mini. Na fara saurare. In mota na gudu ba ta kuka, sai na taka birki. Ke nan ba taya ba ce, ba kuma wani ƙarfe ne ya saki ba. Na bi lungunmu a hankali ina takawa ina saki, kaina waje, har na gane daga gaba kukan ya fi fitowa. Na ɗaga ta, na sa duwatsu, na cire taya, na zare tambur, wannan ƙarfen mai kama da tasa da ke juyawa da taya. A cikinshi akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, an manna musu wata fata mai tauri da ƙusoshi, ita ce ganitir. In ka taka birki su ke buɗewa su kama tambur, mota ta tsaya. Tamu ganitir ta cinye, kawunan ƙusoshi sun fito suna gogar ƙarfe. Ga rairayi cike.

Na kira Kawu na nuna mishi. Ya tsuguna, ya shafa yatsa a ciki, ya murza.

"Ya bushe ƙayau," ya ce.

Ya leƙa bayan ƙafar motar, ya ga wata 'yar huda. "Wanga rami hwa?"

Na ce nan ake sa kile, ƙarfen ɗaure noti, a matso birki in ya yi nisa. Sannan na gaya mishi gaskiya, sai an sa sabuwar ganitir, kuma babu ita a Tawa, sai an aika Ƙonni ko Yamai. Na ce mu haƙura da kasuwar Tebaram ta gobe.

Marin ya same ni a kunne. "Kasuwar ta ubanka ta da za ka hana ni ita?"

Sai na hure rairayin, na goge kawunan ƙusoshin da magagari, na mayar da komai. Na gwada ta da marece. Kukan ya ragu, amma shina nan.

Washegari da sassafe munka yi lodi. Buhunan gishiri, tabarmi, mutane bisa kaya. Cikinsu akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kowa ke ce wa Inna. Man shanu take sarowa a ƙauye ta sayar a gari, kullum da dumanta na zuba mai. Gilashin bayan ɗakin direba ya daɗe da fashewa, ita kuwa nan take zama, bakinta daidai ƙeyata. Tun ina ƙarami mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika.

Na taka birki a bakin tasha. Shiru. Na sake takawa. Shiru, ko ƙii babu.

"Mijina, yau amaryar taka ta yi kunya," in ji Inna. "Mi ka ba ta?"

Na ce aikina ne, jiya bai gama zama ba. Har na ɗaga kafaɗa. Na lura birkin ya ɗan yi laushi, amma hanyar duk rairayi ce, da ka ɗaga ƙafa daga wuta mota ta tsaya da kanta. Kawu na ta murmushi, abin da ban saba gani ba. Da munka wuce gaban dillalai har ya sa na taka sau da yawa don su ji.

Bayan mun wuce Bambeye rana ta ɗaga. Hanya ta hau tudu, tsakuwa da jan dutse, ina ɗan taka birki a kwana. Sai Inna ta fara shinshina.

"Wa ka suya cikin motag ga?"

Anka yi dariya a baya. Wani ya ce yunwa ce ke damunta.

"Ni dai ƙamshin mai nika ji. Hancina bai taɓa yi min ƙarya bisa mai ba."

Kawu ya ce mata dumanta ne. Amma ina jin ta tana ta jan hanci.

Daga bisa tudun nan hanya na gangarawa tsaye zuwa wani kwari, a ƙasa akwai rijiya. Na san wurin. Kullum cike da dabbobi, kuma takarkarin da ke jan guga ta tsakiyar hanya yake wucewa da igiyarshi. Na taka birki tun daga sama. Ƙafata ta ji tauri yadda ta saba, amma mota ba ta ji komai ba. Na taka da ƙarfi har na tashi daga kujera. Kamar ina taka kabewa. Na ja birkin hannu, ya zo mini har ƙirji, banza. Na nemi in sa ƙaramar giya, ƙarafa sunka yi ta cizon juna, ta ƙi shiga. Duwatsu na buga ƙasan mota, buhuna na zubewa, mata na salati. Kawu ya dafe gaba da hannu biyu shina ihu, "Tsai da ta! Tsai da ta, ɗan banza!"

Na danna oda ban saki ba. Tumaki sunka watse. Takarkarin bai watse ba. Wani babban jan sa ne, ya saba da tafiyarshi, kai ƙasa, igiya a miƙe bayanshi har bakin rijiya. Na karkata sitiyari, amma ina. Ƙarfen da Nasara ya liƙa a gaban motar ya same shi a ƙafafun baya. Ƙarar na nan cikin kunnena har yau, kamar an karya babban reshe. Munka ja shi, munka ja igiyar, mota ta nutse cikin rairayi ta mutu.

Can bakin rijiya wani ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Ƙanen mai san ne. Shi ke tarbar guga, igiya na naɗe a hannunshi lokacin da munka fizge ta. Ta buga shi da itacen bakin rijiya, hannun ya karye, ƙashi ya huda fata ya fito.

Na buɗe ƙofa na fito. Wanda ya fara duka na ba baƙo ba ne. Kawu ne. Bulala ta sauka a fuskata, ta tsaga mini leɓe. "Ka kashe ni! Ka kashe ni, la'ananne!" Ya sake zuba mini, ya sake. Kafin in kare kaina mutanen rijiya sun iso da sanduna. Wata ta same ni a baya, wata a gwiwa, na faɗi. Na ji takalmi a haƙarƙarina. Na cusa kaina cikin hannuwa, rairayi da jini cike da bakina. 'Yan kasuwar da na ɗauko, waɗanda munka yi ta raha da su tun safe, kowa ya ja kayanshi gefe ya tsaya kallo.

Ta ƙarƙashin hannuna na hango mai san. Dogo ne, baƙi, riga ɗaure a ƙugu. Bai zo wurina ba tukun. San na ta ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba, na baya na jan ƙasa. Mutumin ya dafa mishi wuya, ya yi mishi magana a kunne, ya juya shi gabas da taimakon mutum biyu, ya yi bisimilla, ya yanka. Jini ya yi tsiri har bisa tayar motata. Ya jira sai da san ya bar shure-shure. Sannan ya miƙe, bai goge wuƙar ba, ya nufo ni.

"Ku kawo shi nan."

Sunka ja ni zuwa kwamin da dabbobi ke shan ruwa, wani gungumen itace da anka fafe. Sunka shimfiɗa hannuna na hagu bisa bakinshi. Na dunƙule, na ƙi buɗewa. Wani ya ɗaga sanda ya sauke bisa yatsun. Ban ji zafi nan take ba, ƙara na ji, sannan hannun ya buɗe da kanshi.

"Hannu ka ɓata ma ƙanena," in ji mai san. "Da wanga kaka tuƙi?"

Na ce, "Baba, don Allah. Birki ne. Wallahi na taka."

"Mine ne birki?"

Na nemi Kawu da ido. Shina tsaye, bulala a hannu, shina haki. Mai san ya ɗora gwiwa bisa damtsena, ya kama wuyan hannun, na ji sanyin wuƙa da ɗumin jinin sa a fatata.

Sai muryar Inna daga ƙarƙashin mota.

"Kai mai wuƙa! Dakata! Zo ka ga abin mamaki!"

Ta fito da rarrafe, zane duk rairayi, ta ɗaga yatsa sama. Wani baƙin abu na gangarowa har gwiwar hannunta. Ta zo har gabanshi, ta tura mishi yatsan a hanci. Ya kauda kai. Ta lasa da kanta, ta tofar.

"Man shanu na! Duk ƙahwahun motar huɗu zuba sukai. Kuma nawa na, na san kayana ko cikin wuta. Jiya da marece wanga ya zo gidana ya ɗauki duma guda." Ta nuna Kawu. "Har nac ce mai, yaushe ka koma cehwane da kanka? Yac ce magani za ya yi."

Kowa ya juya. Kawu ya dubi ƙasa, ya dubi mota. Muryarshi ta fito ƙarama, ban taɓa jin ta haka ba.

"Kuka takai. Gari duka dariya akai min. Na narka shi bayan Asuba, na ɗura ta ramin da yaro ya gwada min. Kuma ta bar kukan. Ku tambayi kowa, ta bari."

Mai san bai ɗaga gwiwarshi ba. "Mai ka zuba ma abin tsai da ita?"

"To ku, itacen can in ya yi kuka mi kuka ba shi?"

Kawu ya nuna bakin rijiya. Duk munka duba, har ni da ke kwance. Itacen nan mai juyawa da igiya ke gudu bisanshi, ya yi baƙi ƙirin don mai, ga ɗan kaskon man rataye kusa da shi da gashin kaza a ciki. Can wani tsoho mai sanda ya ce a hankali, "Mai muka ba shi." Wani ya ce, "Ko ni haka zan yi." Tsohon ya girgiza kai. "Amma duma guda? Ai ya yi yawa. Ɗan kaɗan aka shafawa."

Da ina da bakin dariya da na yi. Na ce, "Baba, itacenku so kuke ya sulɓe. Wannan so ake ya kama. In ya sha mai ko ɗan kaɗan ne, ba ya kamawa."

Mai san ya tashi daga kaina. Ya soke wuƙar a ƙasa, ya karɓi sandar wanda ya karya mini yatsu, ya taka zuwa gaban Kawu.

"Kai ka zuba, kuma kai ka hwara bugun yaro?"

Kawu ya saki bulala. Bai ɗaga hannu ba. Sandar ta same shi a gefen fuska, rawaninshi ya tashi sama, ya zube bisa gwiwoyi. Ta biyu a kafaɗa. Ya tofar da haƙori, ya tsaya a durƙushe shina jiran ta uku. Tun da nake ban taɓa ganin an taɓa Kawu ba. Na ɗauka zan ji daɗi. Amma ban ji ba.

Inna ce ta shiga tsakani, ta riƙe sandar da hannunta mai mai. "To sannunku, maza. Kun gama? Ga ɗan'uwanku can jini na ta zuba. Wa za ya kai shi likita Tawa? San da ka yanka? Mutum guda ya iya motag ga, kun ragargaje mai hannu."

Sai a lokacin hankalinsu ya koma kan mai rauni. Mata sun ɗaure mishi damtse da tsumma, amma ya fara yin fari, ya bar ƙara sai nishi. Mai san ya dawo wurina, ya tsuguna.

"Tana tahiya?"

Na ce in an cire man, tana tafiya.

Inna ta ɗaure mini yatsun da karan gero da gefen ɗankwalinta. Na zauna bisa kwamin da za a yanke mini hannu, ina ba da umarni. Waɗanda sunka gama duka na su sunka ciccibo motar daga rairayi, sunka ɗora gabanta bisa itace. Na nuna musu yadda ake kwance taya. Da anka zare tambur, mai ya zubo baƙi, da ƙamshin suya. Na ce na gaba kawai za mu yi, babu lokacin na baya. Na cire ƙarafan masu ganitir da hannu ɗaya da haƙori, na jefa su ƙasa nesa da mota, na zuƙo isansi, wato fetur, na zuba musu, anka kawo garwashi. Wuta ta tashi, man na tsartsatsi shina fita daga cikinsu. Tambur kuwa matan rijiya sunka karɓe. Sunka sa toka da rairayi sunka cuɗe su kamar tukwane, har ƙarfen ya yi fari. Ɗaya ta ce, "Wannan ai aikinmu ne, da kun tambaya."

Anka mayar da komai. Anka kwantar da mai rauni a baya bisa tabarmi, kanshi a cinyar wanshi, wuƙar nan ta koma kube amma tana nan a ƙugu, ina ganinta ta inda gilashi ya fashe. 'Yan kasuwa munka bar su nan da kayansu da naman sa.

Matsala ta rage. Giya a hannun dama take, in na saki sitiyari in canza ta, hagu ba ya riƙewa. Na dubi Kawu. Fuskarshi ta kumbura, ido ɗaya ya rufe.

"Kawu, in na ce kama, ka kama nan."

Mutumin da ya rantse ba zai taɓa sitiyari ba. Ya kama. Haka munka hau tudun, ina cewa kama, saki, shina bi kamar ɗan koyo. Kowane rami sai yatsuna su amsa har cikin kai. A baya mai san na ta kiran sunan ƙanenshi don kada ya yi barci, Inna na ɗiga mishi ruwa a baki.

Mun shigo Tawa bayan Azahar. A kwanar kasuwa wani jaki ya gitta, na taka birki. Motar ta ja gefe, ta kama, ta yi wani ihu da ya fi na da, don wuta ta ƙara busar da ganitir. Masu ƙosai sunka ɗaga kai. "Ga mai guɗa nan!" Sannan sunka ga jinin da ke jikin motar, sunka yi tsit.

Mutumin ya rayu. Hannun bai koma daidai ba, amma shina nan a jikinshi. Kawu ya kai musu sa daga cikin nashi, da ƙafa ya kora shi har rijiyar. Nawa yatsun anka ɗora su, sunka warke a miƙe. Uwata ta ce wanta ya fara duka na ne don mutanen su huce kada su kashe ni. Inna ta ce tsoro ne kawai ya kama shi. Ni ban tambaye shi ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba. Bulalar dai a bakin rijiya ya bar ta, ban sake ganin wata a hannunshi ba.

Sabuwar ganitir ta daɗe ba ta iso daga Ƙonni ba. Duk tsawon lokacin motar na fita cikin gari da kukanta. Ranar farko da na koma tuƙi, da munka doshi rumfar dillalai, na ɗaga ƙafa tun daga nesa don ta tsaya da kanta, kada su samu abin faɗi. Kawu ya juyo da fuskarshi mai tabo.

"Mi kaka jira? Taka shi."

Na taka. Ta kwarma ihu har awaki sunka tsinke igiya. Ya gyara zama, ya ce, "Yawwa. Bar ta ta yi."